Shekara Huɗu Ina Gaida Kakan Wasu

"Ni fa ba zan fita daga motar nan ba!"

Yaya Gyuwon ya kashe mota ya juyo yana kallona.

"Narae, mene ne kuma? Tun daga gari kike dariya kina cinye mini dafaffiyar masara..."

"Ba ka ce mini wannan dutsen za mu zo ba."

"Na ce miki dutse. Shi wannan ɗin ya taɓa cizon ki ne?"

Ta gilashin gaba ina hango dutsen Hinbawi, ƙasansa duhun bishiyoyi, samansa fari fat, irin farin dutsen nan da ake niƙawa a yi siminti. Na san dutsen nan fiye da yadda nake so in san shi.

Saura mako uku Cusok, bikin girbi, lokacin da kowane gida a garinmu Samcheok yake hawa dutse ya aske ciyawar kabarin kakanninsa. Saura wata biyu kuma bikin aurenmu. Yaya ya ce ba zai kai ni gidansu a matsayin amarya ba sai ya fara nuna ni ga marigayi kakansa.

"Haba zuciyata," ya ce yana shafa kaina. "Tsohon ba ya ko magana. Matarsa Kaka Malsun ce mai wuyar sha'ani, ita kuwa har ƙarin shinkafa ta yi miki."

Na fito. Na ce wa kaina dutsen babba ne, kaburbura a jikinsa sun fi a ƙirga.

Ya saɓa injin yankan ciyawa, ni na ɗauki jakar da ke da lauje da kwalbar giyar soju da busasshen kifi da tuffa. Muka tsallake rafi. Muka bi ta gefen wani dutse da ya tsage biyu. Kowane taku gabana sai ya faɗi, domin ƙafata ta riga tasa sanin inda za a karkata.

"Kin san abin da ya sa bana na zo da wuri haka?"

"A'a."

"So nake in riga wani mutum."

"Wane mutum?"

Ya tsaya ya gyara igiyar injin a kafaɗarsa. Dariyar fuskarsa ta tafi.

"Ban taɓa faɗa miki ba, don abin kunyar gida ne. Shekara huɗu ke nan, duk sanda muka hau sai mu tarar an riga mu. An aske kabarin tas, an share, har da warin soju a ƙasa. Mun tambayi dangi kaf, babu wanda ya sani."



"To... ai alheri ne aka yi muku."

"Alheri? Narae, wa yake hawa dutse awa biyu ya zuba wa kakan wani giya? Sai jininsa! Kakana ya yi shekaru yana kamun kifi a garin Mukho, yakan yi wata uku bai leƙo gida ba. Kaka ta ce shi ke nan, ta gane. Yana da wata mace a can, ya haihu da ita, 'ya'yan ne suke zuwa a ɓoye."

"Wayyo..."

"Shekararta tamanin da huɗu. Ta juya hotonsa yana kallon bango. Ranar tunawa da shi ta daina dafa masa miyar kifin da yake so. Ta tara mu ta ce in ta mutu kada a kuskura a kwantar da ita kusa da shi, a ƙona ta a watsa a teku. Ga filin da ya bar mata a gefensa, shekara ashirin yana jiran ta."

Ya ci gaba da tafiya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Bari in faɗi abin da na yi, tunda babu wanda zan ɗora wa.

Shekara huɗu da suka wuce ɓarin jikin Babana ya shanye. Ni kaɗai ya haifa, ƙannensa duk sun watse birni. Da lokacin askin kabari ya zo, na same shi zaune a bakin taga yana kallon duwatsu yana hawaye. Ni da bakina mai kaifi na ce, "Mene ne a ciki, Baba? Don ni mace ce? Ni zan je!"

Ya kwatanta mini da harshensa mai nauyi. Ki tsallake rafi, ki wuce tsagaggen dutse, za ki iske farin bango. Akwai tsaga a jikinsa, nan za ki hau da hannu da ƙafa. A sama kakanki yake, fuskarsa na kallon teku.

Na je. Na iske farin bangon. Na ɗaga kai na dube shi, gwiwoyina suka ce ba da su ba. Ina juyowa zan koma sai na hango wani tudun kabari a gindin bangon, ba suna, ba alama. Na ce wa kaina, ai Baba ba shi da lafiya, wataƙila ya ruɗe. Na sa lauje na aske shi, na durƙusa sau biyu yadda ake gaida matattu, na ce, "Kaka, ga jikarka Narae."

Daga wurin ko ɗigon teku ba a gani, na kuma lura da haka tun ranar farko.

Kowace shekara in na dawo Baba zai ce, "Ya teku?" In ce, "Lafiya lau, shuɗi kamar kullum." Sai ya kama hannuna ya jujjuya shi, ya sake.

Muka iso. Ga shi nan, kabarina, ciyawar shekara guda ta rufe shi. Yaya ya yi tsalle kamar yaro.

"Yawwa! Bana na riga ɗan banza!"

Ya tada inji ya aske, ni ina kwashe ciyawa kaina a ƙasa. Ina ta shirya yadda zan yi shiru har abada. In na daina zuwa, ai magana ta mutu. Kakar kuma? Na ture tunaninta gefe. Ina son mutumin nan, ina son yadda yake warin man inji da sabulu, ba zan iya ganin ranar da zai dube ni da wani ido ba.

Ya shimfiɗa tabarma, ya jera kifi da tuffa, ya buɗe kwalba. Sai ya hau lalube a jaka.

"Kash! Na manta kofi. Yanzu da me zan zuba wa tsoho?"

Na rantse ban yi tunani ba. Hannuna ne kawai ya tafi, kamar yadda ya saba. Na ɗaga wani faffaɗan dutse da ke gefen hagu, na zaro ɗan farin kofin da nake ɓoyewa a wurin, na goge shi da gefen rigata, na miƙa masa.

Bai karɓa ba.

Ya dubi kofin, ya dubi dutsen, ya dube ni.

"Ya aka yi kika san akwai kofi a nan?"

"Yaya..."

"Narae. Ya aka yi kika sani?"

Na durƙushe a kan ciyawar da muka yanka, na faɗa masa komai, ban rage ko ɗaya ba. Ina magana ina kallon takalminsa.

"Ke ce?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ke ce matar Mukho?"

"Ka yafe mini..."

"Shekara huɗu! Tsohuwa tana kuka a bayan gida don kada mu ji! Kin zauna a gabanta kin ci abincinta!"

"Ban sani ba, Yaya, na rantse ban san naku ba ne!"

"Amma kin san ba naku ba ne."

Ya juya mini baya ya daɗe yana kallon bishiyoyi.

"Ɗazu a hanya da na ba ki labari, kin gane?"

"Na gane."

"Kuma da ban manta kofi ba?"

Na rufe fuskata da hannuwana. Ya gane amsar.

Ya karɓi kofin, ya zuba wa kakansa, ya durƙusa sau biyu shi kaɗai. Bai ce ga matar da zan aura ba. Da ya miƙe ya sa kofin a aljihu, ya ɗauki lauje da sauran sojun.

"Ina naku yake?"

Na nuna sama da yatsa.

"Tashi."

"Ba zan iya ba! Na gwada, ƙafafuna..."

"Akwai wani tsoho a can da ya yi shekara huɗu ba wanda ya leƙa shi. Tashi, Hong Narae."

Rabon da ya kira ni da cikakken sunana tun ranar da na kai masa abinci garejinsu na gyaran injin jirgin ruwa, ranar da muka fara haɗuwa.

Tsagar ba ta fi faɗin kafaɗa ba, ta miƙe sama kamar tsayin bene mai hawa uku. Ya sa ni a gaba, shi yana ƙasana.

"Kafin ki kama dutse, ƙwanƙwasa shi. In ya yi ƙarar tukunya, ruɓaɓɓe ne, ƙyale shi. Kada ki ɗaga hannu da ƙafa lokaci guda."

Na ƙwanƙwasa, na kama. Dutsen nan ruwan sama ya cinye shi ya bar masa baki kamar wuƙa, tun kamun farko ya yanki tafin hannuna. Na hau. Na sake hawa. Farar ƙura tana zubo mini a ido, gumi yana shiga yankan yana zafi.

A tsakiya na kama wani ƙulli ban ƙwanƙwasa ba. Ya ɓalle a hannuna, ya wuce ta gefen kan Yaya, na daɗe ina jin ƙararsa yana gangarawa. Na manne da bango na ƙame.

"Yaya, zan faɗi! Zan faɗi!"

"Ba za ki faɗi ba."

"Ka bar ni in sauka, don Allah!"

"In kin sauka yau, ba za ki ƙara hawa ba, ke ma kin sani." Na ji kafaɗarsa ta tokare tafin ƙafata. "Taka ni. Taka da ƙarfi, ba zan karye ba."

"Kana fushi da ni..."

"Ina fushi, sosai ma! Sai me? Don ina fushi sai in bar ki ki faɗi? Ɗaga hannun dama, zuciyata. Akwai rami saman kanki."

Wannan kalmar ce ta ɗaga ni. Ina kuka ina hawa, majina da ƙura sun haɗu a fuskata, har na ji hannuna ya kama ciyawa. Na ja jikina na kife a sama.

Da na ɗago, teku ne ya fara cika mini ido, tun daga nan har inda sama ta ƙare, da ƙananan jiragen kamun kifi kamar ƙwayar shinkafa. Ashe wannan Baba yake tambaya.

Sannan na juya na ga kabarin.

Da ba a faɗa mini ba, ba zan ce kabari ne ba. Yaɗo ya naɗe shi ruf. Gefe guda ruwa ya zaizaye. A tsakiyar tudun, daidai inda ƙirjin Kakana zai kasance, wata bishiya ta fito ta kai kaurin hannuna.

Na faɗi a gabansa na kasa ko gaisuwa.

"Kaka... ni ce Narae. Ta gaskiyar ce yau. Ina nan ƙasa da kai shekara huɗu, ina gaida maƙwabcinka..."

Yaya ya cire rigarsa ta sama ya kama yaɗo yana ja. Muka yi awa uku muna sara da tuge, muka ciko ƙasa da hannu muka toshe zaizayar. Bishiyar ni na ce ya bar mini, na sare ta da kaina har hannuna ya yi jini.

Da muka gama ya zaro kofin daga aljihu ya sa mini a tafi.

"Nan ne gidan kofin nan tun farko."

Na zuba, na durƙusa sau biyu. Ina ɗagowa na gan shi a gefena, shi ma goshinsa a ƙasa.

La'asar muka isa gidan Kaka Malsun. Tana tsakar gida tana juya jan barkono a tabarma. Ta dubi hannuwana da kayana.

"Kai Gyuwon, yarinyar mutane ka kai dutse ko yaƙi?"

Na durƙusa a kan siminti. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, na riƙe ƙafar wandonsa. Wannan nawa ne.

"Kaka, babu wata mace a Mukho. Ni ce."

"Ke ce me?"

Na faɗa mata. Tana saurare, barkono ɗaya a hannunta, tana murza shi har ya fashe. Da na gama ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Muka ji ƙarar ƙusa a bango tana juyo da hoton mijinta, sannan muryarta tana masa magana.

"Kai ma Deokchil, da bakinka! Ko a mafarki ba sai ka zo ka ce ba haka ba ne? Ka bar ni ina zagin ka safe da yamma... shekara huɗu ban ba ka miyarka ba, tsohon banza, kana can da yunwa..."

Kukan da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba, kuma ni na jawo shi. Da ta fito idonta jawur, ba ta dube ni ba.

"Kai ta gida."

A ƙofar gidanmu na ce, "In ka fasa, ba zan ga laifinka ba."

"Shiga ki ga Babanki," kawai ya ce.

Baba yana bakin tagarsa. Ya juyo da ƙyar.

"Ya teku?"

Na miƙa masa hannuwana. Ya kama da hannunsa mai lafiya, ya jujjuya, ya bi yankan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa.

"Yau kin je."

"Baba... ka sani?"

"Shekara talatin ina hawa wurin nan. Ban taɓa saukowa da hannu lafiya ba. Ke kuwa kullum naki sumul."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"In ce me? Ni da na tura 'yata ita kaɗai bangon da maza ke tsoro, ina zaune a kujera? Kunyarki nake ji, Narae. Ke kina ɓoye mini, ni ina ɓoye miki."

Na kifa kaina a cinyarsa, muka yi kukanmu tare.

Mako uku Yaya yana kira na kullum, amma ko sau ɗaya bai ambaci bikin aure ba, ni ma ban tambaya ba. Na san maganar ba a hannunsa take ba. Kaka ce ta raine shi tun yana shekara shida, ba zai kai mata matar da ba ta son gani ba.

Ana gobe Cusok da hantsi wayata ta yi ƙara. Ba muryarsa ba ce.

"Ke! Hannun ya warke?"

"Ya... ya warke, Kaka."

"To me kike jira? Ni kaɗai zan soya wainar bikin girbi, da wannan bayan nawa?"

Ko takalmi ban ɗaura daidai ba na isa gidanta. Hoton yana kallon ɗaki, an goge gilashinsa. A murhu tukunyar miyar kifi tana tafasa, ta isa mutum goma. Yaya yana tsugune yana ɓare tafarnuwa, yana ɓoye murmushi.

Na fara, "Kaka, ki yafe..."

"Rufe mini baki, ɗauki cokali." Ta tura mini kwanon ƙullu. "Na gaya wa yaran nan sun ji, maganar teku na janye. Kusa da shi za a sa ni. Ina da bayanin da zan yi masa mai tsawo."

Ta juya wainar da ke kasko, ta dube ni ta gefen ido.

"Da kike zuwa wurinsa, me kike ce masa?"

"Ina cewa... Kaka, ga jikarka."

"Sau nawa?"

"Sau huɗu."

"Ya taɓa musa miki?"

Yaya ya fashe da dariya, ta wurga masa tafarnuwa.

"To ni wace ce da zan ƙaryata shi? Mutum ya karɓi jika tun shekara huɗu, mu ne ba mu da labari." Ta kama hannuna mai tabo ta matse. "Amma ki ji ni da kyau. In na kwanta a can, ke za ki riƙa aske mu, mu biyu. In kin gama ki hau sama wurin naku. Kika kuskura kika tsaya a ƙasa, ni ba irin Deokchil ba ce, sai na zo miki a mafarki!"

"Zan hau, Kaka," na ce, hawaye yana ɗiga cikin ƙullun. "Na san hanya yanzu."